.com ko .com.ng? Yadda za ka zaɓi wutsiyar adireshin shafinka in kana son masu bincike a garinku su same ka

Kwanakin baya wani Alhaji mai dilar shadda da atamfa a Kantin Kwari ya aiko yaronsa ya kira ni, na same shi zaune kan dami da waya a hannu, ransa a ɗan ɓace. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya miƙo min wayar, ya ce Malam duba nan, na rubuta shadda Kano a Google, ga taswira ta fito da shaguna uku, babu nawa, alhalin shekara huɗu kenan ina biyan kuɗin shafi. Wai wani ya gaya masa matsalar ita ce adireshinsa da .com ya ƙare, in ya koma .ng shikenan zai hau sama. Har ya ware kuɗin, so yake a canza a ranar. Na ce Alhaji don Allah ka ɗan dakata, wannan taswirar da kake gani ba ruwanta da .com ɗinka, kuma in muka yi gaggawar canzawa ɗan abin da shafin ya tara a shekara huɗun nan ma za mu iya zubar da shi.

Irin wannan maganar ina jin ta sosai, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin yake, da yadda mutum zai zaɓa tun farko ba sai ya yi asara ba.

Wutsiyar adireshi ita ce ƴan haruffan nan da ke zuwa bayan ɗigo na ƙarshe, .com ko .org ko .ng. Iri biyu ne manya. Akwai na gama-gari da ba su da ƙasa, irin su .com da .net da .org waɗanda suke nan tun 1985, sai kuma na ƙasashe masu haruffa biyu, kowace ƙasa da nata. Najeriya .ng, Nijar .ne, Ghana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td saboda yadda Faransawa ke rubuta sunan ƙasar, Sudan .sd, Saudiyya .sa. A nan Najeriya hukumar NiRA ce ke kula da .ng, an kafa ta a 2005, kuma ƙarƙashin .ng ɗin akwai rassa, .com.ng na ƴan kasuwa, .org.ng na ƙungiyoyi, .sch.ng na makarantun firamare da sakandare, .edu.ng na manyan makarantu irin buk.edu.ng da abu.edu.ng, sai .gov.ng na gwamnati kamar jamb.gov.ng wanda ba kowa ake ba wa ba, ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, yake bi. Duk waɗannan a wajen Google abu ɗaya suke nufi, Najeriya. Wato .ng zalla da .com.ng ba wanda ya fi wani ƙarfi wajen nuna ƙasa, bambancin kawai .ng zalla ya fi gajarta kuma ya fi tsada.

To me wutsiyar ƙasa ke yi maka? Google da kansa ya rubuta a shafinsa na masu gina gidajen yanar gizo cewa wutsiyar ƙasa alama ce mai ƙarfi da ke nuna shafin nan don mutanen ƙasa kaza aka yi shi. Don haka in mutum yana Kaduna ya nemi abu, ga shafuka biyu sun yi kunnen doki a komai, ɗaya .com.ng ɗaya kuma .co.ke na Kenya, na Najeriyar ya fi kusa da a nuna masa. Wannan gaskiya ne ba wanda zai musa. Amma ka lura da kalmar da na yi amfani da ita, ƙasa. Wutsiyar tana cewa Najeriya ne kawai, ba ta cewa Kano, ba ta cewa Fagge ko Sabon Gari ko Gyaɗi-Gyaɗi. Mai shago a Ikeja da mai shago a Kwari in duk .com.ng suka saya, wutsiyar ba ta raba su ba ko kaɗan. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, suna jin an ce tana taimakawa wajen binciken gida sai su ɗauka gidan yana nufin unguwarsu.

Kuma ita wannan alamar kaifi biyu gare ta. Yadda take jawo ka kusa da ƴan Najeriya haka take ɗan nisanta ka da na waje. In kai mai fitar da riɗi ne ko zoɓo ko citta daga Dawanau, masu sayenka suna Turkiyya da Indiya da Chaina da Meziko, to .com.ng ba shi ne abokin tafiyarka ba, .com ya fi dacewa da kai tunda ba ya ɗaure ka da ƙasa ɗaya. Haka mai rubuta labarai ko darussa da Hausa wanda masu karatunsa suna Kano suna Maraɗi suna Damagaram suna zangon Kumasi suna Jidda, shi harshe ne ya haɗa masa jama'a, iyakar ƙasa ba ta dame shi ba. Shafin .ng zai iya fitowa a Nijar mana, musamman da yake abin da aka rubuta da Hausa a intanet bai da yawa, gasar ba ta yi zafi ba, amma in tun farko ka san jama'arka a warwatse suke to ba dalilin da zai sa ka ɗaura wa kanka tutar ƙasa ɗaya.

Saboda haka matakin farko ba a wajen masu sayar da domen, wato adireshin shafi, yake ba, a littafin cinikinka yake. Zauna ka duba mutum ashirin na ƙarshe da suka saya a wajenka, daga ina suke? In kusan duka cikin Najeriya ne, kuma ba ka da niyyar fita, ɗauki .com.ng ko .ng ka huta. In a haɗe suke, ko kana da burin nan da shekara biyu uku ka fara aika kaya Yamai ko Accra, ɗauki .com. In da hali ka sayi duka biyun, ka gina shafin a kan ɗaya, ɗayan kuma ka sa ya riƙa tura mutane kan na farkon, wannan yana kare maka suna kada wani ya zo ya yi rijistar sunan shagonka da ɗaya wutsiyar ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunanka. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ɗora shafi iri ɗaya sak a adireshi biyu kowanne yana zaman kansa, ƙarfinka ne kake rabawa biyu, Google zai zaɓi ɗaya ne ya nuna kuma ba lallai wanda kake so ba.

Duba manyan da kowa ya sani za ka ga kowa da hanyar da ya bi kuma duk suna fitowa. Jumia ta bi ƙasa ƙasa, jumia.com.ng a nan, jumia.com.gh a Ghana. Jiji ma haka, jiji.ng. Konga kuwa konga.com take, Nairaland ma .com ne kuma ba wanda zai ce ba ya fitowa a binciken ƴan Najeriya. A ɓangaren Hausa akwai hausa.legit.ng a kan .ng, akwai BBC Hausa a bbc.com/hausa, DW a dw.com/ha, sannan wanda ya fi burge ni a matsayin misali shi ne RFI, shafinsu na Hausa a rfi.fr/ha yake, wutsiyar Faransa ce tsaf, amma rubuta wani labarin Nijar ko Najeriya da Hausa ka gani ko ba za ka ci karo da su ba. Me ya kawo haka? Harshen da aka yi rubutun da shi ya dace da harshen mai tambaya, kuma gidan yana da nauyi, shafuka da yawa suna nuni zuwa gare shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wutsiya ɗaya ce daga cikin alamomi, akwai waɗanda suka fi ta nauyi.

Kuma nauyin nata raguwa yake yi a hankali. Da can in kana son sakamakon Najeriya google.com.ng kake shiga, in na Ingila kake so ka shiga google.co.uk. A Oktoban 2017 Google ya daina wannan, ya koma duba inda kake zaune a zahiri, ko wane adireshin Google ka buɗe sakamakon wurin da kake zai ba ka. A Afrilun 2025 kuma suka sanar cewa adiresoshinsu na ƙasashe ma za su riƙa juyawa zuwa google.com gaba ɗaya. Sannan a Search Console, wato dandalin Google da mai shafi ke duba yadda shafinsa ke fitowa a bincike, da akwai wani wuri da mai .com zai shiga ya ce shafina don ƙasa kaza ne, a 2022 suka cire shi, don haka in ka ga wani tsohon darasi a YouTube yana cewa ka je ka saita ƙasa a can kada ka ɓata lokacinka wajen nema, babu shi yanzu. Duk wannan yana nuna maka sun fi dogara da abin da ke cikin shafin da kuma inda mai binciken yake.

Yanzu bari in ɗan tsaya kan wutsiyoyin da ke yaudarar mutane, don nan ake zubar da kuɗi.

Akwai wutsiyoyin ƙasashe da Google ba ya ɗaukarsu a matsayin na ƙasa saboda duniya ta riga ta karɓe su. .co asalinsa na Kolombiya ne, .tv na tsibirin Tuvalu, .me na Montenegro, .io na wani yankin tsibirai ne a Tekun Indiya da ke hannun Birtaniya, .ai na Anguilla, .fm na Micronesia wanda gidajen rediyo ke so. Waɗannan Google yana kallonsu kamar .com, ba za su jingina ka da waccan ƙasar ba, kuma ba za su ce kai ɗan Najeriya ne ba. Amma fa ba duka haruffa biyu ke cikin wannan jerin ba, kuma nan ne tarkon yake. Na taɓa ganin wani matashi mai gyaran waya a Farm Centre da ya sayi wutsiyar wata ƙasar Turai kawai don haruffan sun yi daidai da ƙarshen sunan shagonsa, sunan ya yi kyau a ido ba laifi, amma abin da ya gaya wa Google shi ne shagonsa na waccan ƙasar ne. Kafin ka sayi kowace wutsiya mai haruffa biyu tambayi ta wace ƙasa ce. .ni ba Najeriya ba ce ba kuma Nijar ba, Nikaragua ce. .ne Nijar ce, ba gajeren .net ba ne, sannan in ka ga adireshi ya ƙare da .ne.jp wannan na Japan ne. .cm kuma ta Kamaru ce, in kasuwancinka a Garwa ko Marwa yake to taka ce halak malak, sai dai ka sani mutane suna yawan ɗaukarta kuskuren rubuta .com ne, don haka a allon shago da kati ka rubuta ta ɓaro-ɓaro yadda ba wanda zai ƙara mata o da kansa.

Sai sababbin wutsiyoyi da suka fara fitowa bayan ICANN, hukumar da ke kula da adiresoshin intanet na duniya, ta buɗe ƙofa a 2012, irin .shop da .store da .online da .xyz, har da na birane irin .london da .berlin da .capetown, da .africa da aka buɗe wa jama'a a 2017. Mai talla zai ce maka in kana sayar da kaya ka ɗauki .shop Google zai gane shago ne ya ɗaga ka. Ba haka ba ne. Tun Yulin 2015 Google ya fito ya yi bayani cewa kalmar da ke cikin wutsiya ba ta ƙara maka komai ba ta rage maka komai a sakamakon bincike, kuma hatta na birane da yankuna kamar .com yake ɗaukarsu. Wato .africa ba za ta sa ka fi fitowa a Afirka ba, sunan ne kawai mai daɗi. In kana sonta don tambari da kyan suna ba laifi, saya, amma ka duba kuɗin sabuntawa kafin ka biya, domin da yawansu shekarar farko araha suke kamar kyauta, shekara ta biyu sai ka ga kuɗin ya ninka sau da yawa. Su kuma na kyauta irin .tk da yara suka riƙa ɗauka a da, kamfanin Freenom da ke rabawa ya dakatar da karɓar sabuwar rijista a 2023, mutane da yawa sun wayi gari ba adireshi. Kada ka gina kasuwancinka a kan abin da ba ka biya ba kuma ba sunanka ke kai ba.

Haka nan cusa kalmomi cikin sunan, irin shadda-mai-araha-kano-najeriya, wannan dabarar ta tsufa, tun Satumban 2012 Google ya rage wa irin waɗannan sunaye ƙarfi in shafin ba shi da abin kirki a ciki. Sa sunan da mutane suka san ka da shi, gajere, wanda za ka iya faɗa a waya ko a tallan rediyo mutum ya rubuta ba tare da ya ce maimaita ba. Ka guji ƙ da ɗ da ɓ a cikin adireshin, a cikin rubutun shafi ka sa su yadda ya kamata, amma a adireshi k da d da b zalla sun fi sauƙi ga mai dannawa.

Akwai maganar kuɗi ma wadda ba ta shafi Google kai tsaye ba amma ta shafe ka. .com da dala ake lissafinsa, kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da shi, kuma a Satumban 2024 farashin sarinsa ga dillalai ya kai dala 10.26 a shekara kafin su ɗora ribarsu. Duk wanda ya ga yadda naira ta yi tun tsakiyar 2023 ya san abin da hakan ke nufi ranar sabuntawa. .com.ng kuwa da naira kake biya a wajen dillalan da NiRA ta amince da su, jerinsu yana shafin hukumar, kuma yawanci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga ƙaramin ɗan kasuwa wannan dalili ne mai kyau, ni kaina ina yawan ba da shawarar .com.ng saboda shi, don adireshin da za ka iya riƙewa shekara goma ba yankewa ya fi mai ƙyalli da zai mutu a shekara ta biyu saboda katinka ya ƙi biyan dala.

To mu koma kan taswirar Alhaji, tunda ita ce ainihin abin da yawancin masu shago ke nufi in sun ce suna so su fito a Google. Shagunan nan uku da ke fitowa da taswira ba daga gidan yanar gizo ake ɗauko su ba, daga Google Business Profile ne, wato rijistar shagonka a Google, wanda da ake kira Google My Business kafin a canza masa suna a 2021. Kyauta ne, kuma ko ba ka da shafin intanet sam za ka iya buɗewa. Google ya faɗi abubuwa uku da yake dubawa a nan: dacewar kasuwancinka da abin da aka nema, nisanka da mai neman, da kuma shahararka. Ka ga babu wutsiya a ciki. Da na duba na Alhaji sai na tarar ko buɗe shi ba a yi ba, shekara huɗu ana biyan shafi amma shagon ba ya kan taswira.

Ga yadda muka yi, kuma haka za ka yi. Ka buɗe da Gmail ɗinka kai mai shagon, ba na yaron shago ba ba na mai gina maka shafi ba. Ka rubuta sunan shagon daidai yadda yake a allo, kada ka ƙara masa wasu kalmomi irin mafi araha a Kano, dokarsu ta hana kuma za su iya dakatar da kai. Ka zaɓi rukunin kasuwanci da ya fi kusa da abin da kake yi, wannan wurin yana da nauyi sosai, mai sayar da yadi ya zaɓi shagon yadi, kada ya zaɓi shago kawai. Sai adireshi, wanda a kasuwanninmu shi ne mai wahalar, layi kaza gidan wane hawa na biyu, to ka rubuta yadda mutane ke kwatance, sannan ka tsaya a ƙofar shagon ka ja alamar taswirar da yatsa ka ajiye ta daidai inda kake tsaye. Mu sai da muka fito bakin layi saboda rumfunan kwano sun hana wayar gane wuri, alamar tana ta tsalle zuwa wancan titin. In wurinku ba shi da lambar gida akwai Plus Code da Google Maps ke bayarwa, ƴan haruffa da lambobi ne da ke nuna daidai wurin, kwafe shi ka sa a shafinka da WhatsApp ɗinka. Wajen tantancewa sau da yawa bidiyo suke nema, ka ɗauki titi, ka ɗauki allon shago, ka shiga ciki ka nuna kaya da abin da ke nuna kai ne mai wurin, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa. Ka sa lokacin buɗewa da rufewa na gaskiya, har da yadda kuke yi ranar Juma'a, ka ɗora hotunan kayanka na ainihi ba waɗanda aka kwaso a intanet ba.

Sai ra'ayoyin kwastomomi, taurarin nan da ake bayarwa. Duk wanda ya saya ya ji daɗi ka tura masa linkin ta WhatsApp ka roƙe shi ya rubuta ko layi biyu ne, da Hausa ma ya yi, kuma ka riƙa ba da amsa, har wanda ya yi ƙorafi ka amsa masa cikin mutunci. Kada ka sayi na bogi, kada ka tara yaran unguwa su rubuta ashirin a rana ɗaya, haramun ne a dokar Google kuma yaudarar mai saye ce, ni dai ba na yi wa kowa wannan aikin.

A kan shafin naka kuma, musamman in .com gare ka, kai ne za ka gaya wa Google inda kake tunda wutsiyar ba ta faɗa ba. Ka rubuta cikakken adireshi da sunan gari da jiha a rubuce, ba cikin hoto ba, don rubutun da ke cikin hoton fosta ba abin dogaro ba ne. Lambar waya ta fara da +234, ko +227 in Nijar kake. Farashi da naira ko sefa. Sunan shago da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina, shafi, Facebook, Instagram, taswira, kada nan a ga lamba kaza can a ga tsohuwar da ka yar. Taken shafin farko ya faɗi abin da kake sayarwa da garin, misali shadda da atamfa a Kantin Kwari Kano, maimakon barka da zuwa kawai. In jaridar gida ko ƙungiyar ƴan kasuwarku ko wani shafin Najeriya ya ambace ka ya sa linkinka, wannan ma alama ce mai kyau. Inda kwamfutar da ke ɗauke da shafin take, Legas ko Jamus ko Amurka, ba ya da wani nauyi sosai yanzu, abin da ya fi muhimmanci shafin ya buɗe da sauri a ƙaramar waya da data mai rauni, don haka ka rage nauyin hotuna.

In kana da Hausa da Turanci, kowanne ka ba shi shafinsa daban, misali /ha/ da /en/, kada ka cakuɗa su a shafi ɗaya, domin Google daga rubutun da ke bayyane yake gane harshe. Ka ce wa mai gina maka shafi ya sa alamar hreflang mai gaya wa Google harshen kowane shafi, lambar Hausa ita ce ha, in kana so ka ware ƙasa sai ka ce ha-NG ko ha-NE, Turancin Najeriya en-NG, Faransancin Nijar fr-NE. Ga wanda ke ciniki tsakanin Kano da Maraɗi wannan tsarin a kan .com guda ɗaya ya fi sauƙin riƙewa a kan sayen .ng da .ne a gina gida biyu.

Idan kuma ka riga ka yi nisa da wata wutsiya kuma ka tabbata sai ka canza, misali ka gane ta wata ƙasa ce da ba ruwanka da ita, to a yi shi da tsari. Kada ka bar tsohon adireshin ya mutu. Kowane tsohon shafi a tura shi kan takwaransa a sabon adireshin da turawa ta dindindin wadda ake kira 301, shafin shadda ya tafi shafin shadda, kada a kwashe duka a zuba a shafin farko. Ka tabbatar da adireshin biyu a Search Console sannan ka yi amfani da wurin sanar da canjin adireshi da ke cikin saitin. Turawar ta zauna aƙalla shekara guda kamar yadda Google ya ba da shawara, ni ina cewa in kana iya biya ka bar ta har abada saboda tsofaffin katuna da ledojin da ka buga suna hannun mutane. Ka gyara linkin a taswira da Facebook da ko'ina. Kuma ka sa a ranka za a ɗan yi tangal-tangal na wasu makonni kafin abubuwa su daidaita, don haka kada ka yi wannan ana saura sati biyu Sallah lokacin da ciniki ya fi zafi.

Wani abu da ke ci min rai, kuma na gan shi ba sau ɗaya ba, shi ne mai gina shafi ya yi rijistar domen da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da kuka saɓa, ko ya bar gari, ko ya canza layi, adireshinka ya tafi da shi. Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra haka ta rasa nata, sanarwar sabuntawa tana ta zuwa imel ɗin wanda ba ya dubawa, har wa'adin ya wuce, ta zo tana tambayata ko akwai yadda za a yi, ledojinta dubu da ta buga duk da tsohon adireshin a jiki. Ko .com ne ko .ng, ka tabbata sunanka da imel ɗinka da lambarka ne a rijistar, kalmar sirrin tana hannunka, ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, in da kuɗi ka biya shekara biyu ko uku gaba.

Wajen gwada ko aikin yana ci, kada ka dogara da wayarka kaɗai don Google ya san kana yawan buɗe shafinka kuma ya san kana tsaye cikin shagon. Buɗe burauza a yanayin sirri, ka kuma sa wani ɗan'uwa da ke wata unguwar, Hotoro ko Kabuga, ya rubuta kalmar ya turo maka hoton abin da ya gani, sannan wani a Kaduna ko Abuja shi ma ya gwada, za ka ga sakamakon ya bambanta saboda nisa. A Search Console kuma ka shiga rahoton yadda shafin ke aiki, akwai wurin da ke nuna ƙasashen da ake ganinka da kalmomin da aka rubuta aka same ka, har na wata 16 baya. In ka ga yawancin masu ganinka daga Najeriya suke alhali .com gare ka, to Google ya riga ya gane inda kake, ba abin da canza wutsiya zai ƙara maka.

Na Alhaji da muka buɗe haka muka gani, kusan duka Najeriya, sai ɗan kaɗan daga Nijar da Kamaru, waɗanda dama suna zuwa sari wajensa. Muka bar masa .com ɗinsa, muka sayi .com.ng na sunan muka tura shi kan na farkon, kuɗin da ya ware na canjin kuma aka kira mai hoto ya ɗauki shaddojin nan ɗaya bayan ɗaya a hasken safe kafin layin ya cika da mutane.